Wa Ya Ce Arba'in?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci a Aboabo ko Asawase, cikin birnin Kumasi na Gana, ya san wannan 'yar gajeriyar hira. Ka faka a bakin titi, yaron shago ya jawo tiyo, ya durƙusa gaban taya, ya ɗago kai ya ce, "Masta, nawa za a sa?" Direba yana kan waya ko yana ƙirga canji, sai ya ce, "Sa yadda aka saba." Injin iska ya yi tari ya tashi, yaro ya danna, ya cire, ya kafa geji, ya ƙara kaɗan, sannan ya lakato yawu da ɗan yatsa ya shafa a bakin bawul don ya ga ko zai yi kumfa. "Arba'in-arba'in, Masta." A miƙa masa 'yan sidi, a ba mota wuta a wuce.

Wannan arba'in ɗin ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Wa ya yanke ta? Matiz ɗin tasi 'yar mitsitsiya arba'in, Corolla arba'in, ƙatuwar jif ɗin Alhaji ita ma arba'in. In ka tambayi yaron ya ce haka maigidansa ya koya masa, in ka tambayi maigidan ya ce haka ya taras ana yi. Ka matsa gaba zuwa Tafo ka tarar da masu talatin da biyar, ka gangara Anloga ka ji mai cewa hamsin ce daidai tunda titi ya lalace. Lamba ta zama kamar tsagen gado, kowane gida da nasa, ba mai tambayar dalili. A ganina wannan lamba ba hurumin mai faci ba ce. Ta mai mota ce, kuma tana nan a rubuce a jikin motar. Abin da ke hannun mai faci shi ne geji, shi kuma gejin ya cancanci hukuma ta riƙa duba shi kamar yadda take duba famfon gidan mai.

Ni ma na yi shekaru a sahun masu "yadda aka saba". Na taɓa sayen wata 'yar ƙaramar mota hom-yus, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje kafin a shigo da ita, na mai da ita tasi, na ba ƙanen matata yana ja yana kawo mini kuɗin yini. Ba a rufa shekara sai na sayi tayoyin gaba, kuma cinyewar kullum iri ɗaya ce: tsakiyar taya ta goge sumul kamar tafin hannu, gefe da gefe kuwa zane na nan da sauransa. Na zargi yaron da tuƙin ganganci, na zargi masu sayar da taya, na zargi ramukan titi. Ranar da na kai ta Magazin a Suame, unguwar masu gyaran mota, saboda ƙafar gaba tana ƙara, wani dattijon makaniki ya shafa tayar da hannunsa bai ce uffan ba. Ya buɗe ƙofar direba, ya sa tsumma ya goge wata 'yar takarda da ke manne a ginshiƙin ƙofar, wadda ƙura da giris suka binne. Ya ce, "Ɗana, karanta mini nan, idona ya yi rauni." Na karanta: 32 gaba, 32 baya. Ya zaro gejinsa daga aljihun riga ya kafa a tayar, allura ta tsaya a 46. Ya ce, "To ga mai cin tayarka. Shi ne kuma yake cin bushin ɗinka." Shekara uku ina da motar nan, na buɗe wannan ƙofa ba adadi, ban taɓa sunkuyawa na duba ba.

Dalilin da ya sa lambar take jikin mota mai sauƙi ne. Taya iri guda ana iya ɗaura ta a mota mai nauyi, a ɗaura ta a maras nauyi, a sa ta gaba inda inji yake, a sa ta baya inda ba komai sai kujera. Kamfanin da ya ƙera tayar bai san wace mota za ta hau kanta ba. Kamfanin da ya ƙera motar shi ya san nauyin da ke kan kowace ƙafa, shi ya gwada birki da kwana da gudu, sannan ya rubuta adadin iskar da ta dace. Yawanci takardar tana ginshiƙin ƙofar direba. A motocin Jamus da yawa tana bayan murfin tankin mai, wasu kuma sai an duba littafin mota. Ga ƙananan motoci lambar takan faɗo tsakanin 30 da 35. Motocin da suka fito daga Turai sukan ba da layi biyu, ɗaya da hoton mutum biyu ko uku, ɗaya da hoton mutum biyar da akwatuna, kuma a layi na biyun iskar baya ta fi yawa. Wanda bai yi boko ba ma zai gane hoton.

To ina arba'in da hamsin suka samo asali? Ina kyautata zaton daga gefen tayar. In ka duba kusa da wili za ka ga an rubuta da ƙananan haruffa MAX PRESS 44 PSI, a wasu 51. Mutum ya ga lamba a jikin taya, ya ɗauka ita ce abincinta. Alhali wannan iyaka ce, ma'ana kada a wuce nan. Agogon gudun motarka ma an rubuta 220 a ƙarshensa, amma ba ka taɓa cewa tunda an rubuta sai ka taka 220 a hanyar Kejetia ba. Akwai ma wani abu da direbobi da yawa ba su sani ba. Tayar ƙaramar mota ta gama-gari tana kai matuƙar nauyin da za ta iya ɗauka ne a iska 35 ko 36. Duk abin da aka ƙara sama da haka ba ya ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya ko da kilo ɗaya. Ɗauki tayar da aka rubuta wa 195/65R15 91H, wadda ta cika gari. Wannan 91 ɗin tana nufin kilo 615 a kan taya guda. Ka dura mata 50, tana nan a kilo 615 ɗinta, sai dai ta ƙara tauri kamar dutse.

Wani ruɗanin kuma daga tashar jirgin ruwa ta Tema yake shigowa. Motocinmu daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, kowace da irin mudunta na auna iska. Ta Amurka da Kanada ta zo da psi, ta Jamus da Holan ta zo da bar, ta Japan da Koriya ta zo da kPa. Mai mota ya buɗe ƙofa ya ga 2.2 ko 220, ya dubi gejin mai faci ya ga 30 da 40, sai ya ce wannan takarda ba da mu take ba. Da mu take. Bar ɗaya psi 14.5 ne, saboda haka 2.2 da 220 da 32 duk abu guda ne, 2.4 kuma ita ce kusan 35. Geji da yawa ma suna da layi biyu a fuskarsu, na ciki da na waje, sai dai ba a saba kallon na cikin ba.

Cika iska fiye da kima yana da illarsa, na gani a aljihuna. Tayar takan kumbura a tsakiya, abin da ke taɓa kwalta ya ragu, ta cinye a tsakiya, mota ta riƙa tsalle, duk ramin da aka faɗa ya wuce kai-tsaye zuwa shokoba da bushi da ƙashin bayan fasinja. A lokacin damina, ga ruwan Kumasi da ba ya sallama, tayar da ba ta zauna sosai a ƙasa ba riƙonta ya ragu. Amma in aka ce in zaɓi wanda ya fi muni tsakanin cikawa da ragewa, ba na ko jinkiri. Ƙarancin iska shi ne mai kisa.

Ga yadda abin yake. Ba roba ce ke ɗauke da mota ba, iskar da ke ciki ce. In iska ta yi kaɗan, gefen tayar sai ya riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, kuma tayar ƙaramar mota tana juyawa kusan sau 500 a kilomita ɗaya. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta kana miƙewa, ba da jimawa ba za ka ji ta yi zafi, can kuma ta karye. Haka ke faruwa a cikin taya. Zafi ya taru, robar da ke riƙe da wayoyin ƙarfe ta fara saki, wata rana ana tsakiyar gudu tsakanin Konongo da Nkawkaw bayan tayar ya ɓare kamar ɓawon ayaba. Mutane su taru su ce taya ta fashe saboda zafin titi, ko saboda iska ta yi mata yawa. Ba wanda zai iya auna iskar da ke cikinta minti biyar kafin ta fashe, don haka mai laifi na gaskiya ya sha.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan taya dai wannan magana ba ta ci ba. Tun da kamfanin Michelin ya fito da taya mai wayoyi a kwance, wadda ake sa wa harafin R, a shekarar 1946, kuma ta zama ita ce kowa ke amfani da ita, gefen taya yana ɗan yin ciki ko da iskarta daidai take. Za ta iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ido bai gane ba. Shurin da muke yi mata da ƙafa da safe kuwa, takalmi kawai muke wahalarwa. Sannan taya lafiyayya, ba ƙusa ba faci, tana rage kusan psi ɗaya ko biyu a wata ta jikin robar kanta. Wanda ya ce shi ba ya zuwa wurin mai faci sai ya ga taya ta kwanta, ya yi watanni yana yawo a kan tayar da ke dafa kanta.

Akwai wata al'ada da nake jin nauyin taɓawa, don kawuna ne ya fara nuna mini ita, Allah ya jiƙansa. Shekaru ya yi yana jan babbar mota tsakanin Kumasi da Bawku, ya hau da goro ya sauko da albasa, kuma ban taɓa ganin direba mai kula da mota kamarsa ba. Na bi shi sau biyu ina yaro lokacin hutu. Duk sanda muka tsaya a Kintampo da rana tsaka, kafin ya nemi abinci sai ya zagaya motar yana taɓa tayoyi da bayan hannu. Wadda ya ji ta ɗau zafi sai ya zaro tsinken ashana ya danna bawul, iska ta yi ta fita tana huci. Na ce, "Kawu, me ya sa?" Ya ce, "Ta cika, kar ta fashe mana a hanya." Har yau ana yin haka, kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Sai dai kuskure ne babba. Iska in ta ji zafi tana buɗewa, shi ya sa tayar ƙaramar mota da aka sa wa 32 da safe za ta nuna 36 ko 37 bayan tafiyar awa guda. Masu ƙera taya sun san da wannan ƙari, sun yi lissafinsa tun farko. Lambar da ke jikin ƙofa ta taya mai sanyi ce, wato motar da ta yi awa uku a tsaye ko ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita biyu ba. In ka sace iskar tana da zafi ka mai da ita 32, to a haƙiƙa ka bar ta a 27 ko 28. Ka koma kan titi, ta ƙara lanƙwasa, ta ƙara zafi, a Buipe ka sake tsayawa ka sake ragewa. Maganin da kake ba ta shi ne cutar. In taya ta yi zafin da ya ba ka tsoro, ka nemi inuwa ka bar ta ta huce, ka rage gudu, ka duba ko birki ne ke kamawa ko kaya ne suka yi yawa.

Yanayin gari ma yana da nasa hannun. Duk sauyin digiri biyar ko shida a ma'aunin zafi yana motsa iskar ƙaramar taya da kusan psi ɗaya. Shi ya sa safiyar hunturu take nuna ƙasa da abin da ka bari, shi ya sa kuma lokacin dubawa shi ne da sassafe, bayan an fito masallaci kafin a ɗauki fasinjan farko.

Wanda yake ganin psi huɗu ko biyar ba abin ɗaga murya ba ne, ya tuna abin da ya faru a Amurka. A watan Agusta na shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, yawancinsu a kan jif ɗin Ford Explorer, bayan an yi ta samun tayoyin suna ɓarewa motoci suna kifewa. Sama da mutum 200 suka mutu a Amurka kaɗai, kuma abin ya fi tsanani a jihohi masu zafi irin su Texas da Florida, an kuma ga irinsa a Saudiyya da Benezuwela. Kamfanonin biyu sun yi ta jifan juna da laifi, kuma an sami aibi a ƙirar tayoyin. Amma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da aka yi ta gardama a kai shi ne iska: Ford ya rubuta 26, Firestone ya ce da 30 aka sa. Psi huɗu ke nan. Daga nan majalisar Amurka ta yi doka a wannan shekarar, wadda ta kai ga cewa tun daga watan Satumba na 2007 duk sabuwar ƙaramar mota sai tana da na'urar da ke gargaɗin direba in iska ta ragu. Turai ta bi sahu a 2014.

Waɗannan motoci su ne yau suka cika titunanmu. Wannan 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban direba, mai kama da tukunya da alamar motsin rai a tsakiya, ita ce. Ku shiga motocin haya na waya ku duba, a nawa ne take kunne dare da rana? Batirin na'urar yana mutuwa bayan wasu shekaru, wani lokaci kuma mai faci ya karya ta wajen ɓalle taya ya maye ta da bawul na roba. Na shiga wata mota na ga direban ya liƙa sitika a kanta don kada ta dame shi. Ko tana aiki ma, ba ta kamawa sai iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Motar 32 sai ta sauko 24 fitilar za ta yi magana. Mai jiran fitila ya makara.

Na san abin da direbobin tasha za su ce, don sun faɗa mini ido da ido. Su ce, "Malam, wannan takarda an rubuta ta ne don titin Turawa. Mu nan rami ne, ga kaya, ga fasinja biyar a tasi, ga taya hom-yus." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan musa ba. Tasin da ke cike koyaushe ya kamata ta bi layin cikakken lodi, in takardarta layi ɗaya ce kuma ƙarin biyu ko uku ba laifi ba ne, musamman a baya. Taya mai ƙarancin iska in ta faɗa rami mai kaifi, bakin wili yana matse gefenta ya tsinka zaren ciki, washegari ka ga ta fito da ƙulu kamar ƙwai. Wannan gaskiya ne. Wanda kuma ya canja girman taya, ya cire wilin kamfani ya sa wani, to takardarsa ta zama mafari kawai, sai ya nemi wanda ya san jadawalin nauyi. Amma daga 32 zuwa 35 gyara ne, daga 32 zuwa 46 kuwa an bar hanya. Batun hom-yus ma hujja ce a kansu. Tayar da ta tsufa, robarta ta bushe, ta fi sabuwa buƙatar a kiyaye mata iska daidai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Dokar hanya ta 2012, wadda ake kira L.I. 2180, ta yi magana a kan wannan: zurfin zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, kada shekarunta su wuce huɗu daga ranar da aka ƙera ta, kuma a lura da harafin juriyar zafi, A ko B, ban da C. Ranar ƙirar tana gefen taya, lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT. In ka ga 2319, sati na 23 ke nan na shekarar 2019. Kowa ya san yadda ake bin wannan doka a kasuwa. Mun taɓa samun masana'antar taya a Bonsa kusa da Tarkwa, ga bishiyoyin roba a yankin, ta rufe, muka koma cin ragowar wasu. Wannan wani zancen ne.

A tirotiro, wato ƙananan bas-bas na haya, ne kuskuren arba'in ya juya ta ɗaya gefen, kuma nan ya fi ban tsoro. Sprinter da 'yan uwanta motocin kaya ne aka yanka musu taga aka jera kujeru. Tayarsu ta ainihi tana da harafin C a ƙarshen lambarta, kamar 195/70R15C, kuma mai lamba 104 tana ɗaukar kilo 900, amma sai an ba ta iska kusan 65. Ka ba ta 40 na gado, ka loda mutum ashirin da buhunan doya a baya, ka ga abin da ka yi. Arba'in ta yi wa tasi yawa, ta yi wa tirotiro kaɗan. Mafi muni shi ne wanda ya je ya sayi tayar ƙaramar mota don ta fi araha ya ɗaura wa tirotiro. Wannan ba iskar da za ta cece shi.

Manyan motoci kuwa, masu sauko mana da albasa daga Nijar da tumatir daga Burkina da shanu daga arewa, iskarsu ta wuce 100. Tayar 315/80R22.5 mai lamba 156/150 tana ɗaukar kilo 4,000 in ita kaɗai ce, kilo 3,350 in tagwaye ne, kuma sai iska ta kai wajen 125 zuwa 130 take cika wannan alkawari. Yaron mota yana zagayawa da ƙarfe yana ƙwanƙwasa su yana sauraro, kamar mai zaɓen kankana. Ƙwanƙwasa tana gano tayar da ta sace gaba ɗaya, ba ta bambance 120 da 95. Sannan akwai tayar ciki a tagwaye, marainiya, wadda bawul ɗinta ke da wuyar kaiwa. In ta yi ƙasa, ta waje ce ke ɗaukar nauyin biyu har ta gaji. Guntayen baƙar roba da kuke gani zube a hanyar Techiman yawanci labarinsu ke nan. Ƙa'idar ECOWAS ta sa tan 11.5 a kan gatari guda, amma mai kaya yana so a ƙara buhu hamsin, direba yana so ya fanshe kuɗin hanya, sai a ce wa mai faci ya ƙara iska. Iska ba ta mai da tayar tan huɗu ta zama ta tan shida. Kuma ina roƙon masu faci, don ransu nake ji: babbar tayar da aka yi tafiya a kanta tana sace, wayoyin gefenta sun riga sun gaji, tana iya tsagewa lokacin da ake dura mata iska. A ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci a cikin kejin ƙarfe ake busa ta. Mu nan yaro ne ke zaune a kanta yana riƙe da tiyo.

Yanzu ga inda hukuma ta shigo. A ce duk direbobin Kumasi sun karanta ƙofofinsu gobe, sun haddace lambarsu. Da wane mudu za a auna musu? Na taɓa yin gwaji don kaina, da safe ɗaya, taya ɗaya, masu faci uku da ba su da nisa da juna. Na farko ya ce 28, na biyu ya ce 33, na uku gilashin gejinsa ya fashe, allurar ma ba ta komawa sifili, ya ce 36. Ba wanda ya yi niyyar cuta a cikinsu. Geji ne da ya sha faɗuwa a ƙasa, ya sha ƙura da ruwa shekara da shekaru. Hukumar kula da ingancin kaya ta Gana tana zagayawa gidajen mai tana gwada famfo tana manna sitika, don kada a tauye wa mutum lita. Lita in an tauye, kuɗi ne ya tafi. Me ya hana a yi wa gejin iska irin wannan, ko da a gidajen mai da manyan tashoshi ne kawai a fara? Ba ina kiran a saki jami'ai kan masu faci a ƙwace musu kayan aiki ba, mun san inda wannan ke ƙarewa. Abin da nake nufi a ajiye geji ɗaya ingantacce a kowane reshen GPRTU, ƙungiyar direbobin haya, masu facin unguwa su riƙa zuwa suna gwada nasu da shi kyauta, kuma motar da za ta yi doguwar tafiya a auna ta kafin a fara lodi, ba bayan fasinja sun zauna suna tsaki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar kiyaye haɗurran hanya, wadda aka ƙara wa iko a 2019, tana da hurumin sa ido a kan kamfanonin sufuri. DVLA kuma da ke ba da lasisi tana iya sa wa duk mai neman lasisi ya nuna takardar ƙofa ya karanta ta. Tambaya ce ta minti ɗaya.

Sama da mutum 2,000 ke mutuwa a titunan ƙasar nan kowace shekara. Gudu ne da ganganci da barci ke da kaso mafi girma, ban ce taya ce ta kashe su duka ba. Amma cikin duk abubuwan da ke kawo haɗari, wannan ne mafi arahar gyarawa. Gyaran titi sai gwamnati, sabuwar taya sai mai hali, iska kuwa 'yan sidi ce. Har riba tana da ita: ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kowane psi ɗaya da ya ragu a tayoyi yana ƙara shan mai da kusan kashi 0.2 cikin ɗari. Ba yawa, amma ga mai tasi da ke shan mai kullum, ƙarancin psi takwas ya kusa sidi 2 a kowace 100, ban da tayar da za ta mutu kafin lokacinta. Masu tallar iskar nitirojin a wasu gidajen mai kuma, in kana da kuɗi ka sa, ba ta cutarwa, sai dai ka sani iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari nitirojin ce, kuma ita ma sai an auna ta. A bakin jana'iza mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma haka ne, amma malamanmu na zango sun karantar da mu cewa sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali.

Kada a manta da safaya. Wannan siririyar taya da motocin Amurka ke zuwa da ita a but tana son 60, an rubuta a jikinta, kuma yawancinsu tun da suka sauka daga jirgi ba wanda ya taɓa su.

Bayan ranar Suame na sayi geji nawa, ɗan ƙarami mai kama da biro, kuɗinsa bai kai na litar mai uku ba. Yana cikin aljihun gaban mota tare da murafan bawul guda huɗu, don yaran unguwa suna kwance su. Farkon da na fara fito da shi, mai facin layinmu ya ɓata rai, ya ce, "Yaya, shekara ashirin ina wannan aiki, yau kuma ba ka yarda da ni ba?" Na ce da shi na yarda, da gejinsa ne ban yarda ba. Muka kafa biyun a taya guda, nasa ya fi nawa da huɗu. Ya yi shiru, ya ce to wa ya san nawa ne mai gaskiya, kuma tambayarsa tana kan hanya, sai da muka je gidan mai muka gwada da na uku. Yanzu in yaronsa ya hango motata sai ya kwala, "Ga Baba talatin da biyu!" Ranar Juma'ar da ta wuce ina zaune a bencinsu ina jira, wata Hajiya ta tsaya da Vitz. Yaron ya jawo tiyo, ya durƙusa, ya buɗe baki zai yi tambayar da ya saba, sai ya miƙe ya ce, "Hajiya, don Allah ɗan buɗe mini ƙofar nan."